Tuntuɓen da Ya Haifi Krtek

A shekarar 1954 aka ba wani mai zane a birnin Prag, hedikwatar ƙasar da ake kira Cekoslovakiya a wancan zamani, aikin da babu abokin sana'ar da zai yi masa hassada a kansa. Cewa aka yi ya shirya gajeren fim ɗin katun da zai koya wa yara yadda ake samar da tufafi, tun daga gona har teburin tela. Sunan mai zanen Zdenek Miler, shekarunsa 33 a lokacin. Kamfanin da yake yi wa aiki na hukuma ne, domin tun 1945 gwamnati ta karɓe harkar fim ɗungurungum a ƙasar, da 'yan gurguzu suka hau mulki a 1948 kuma suka mai da majigi allon karantar da jama'a. Aikin da aka ba ka shi za ka yi.

Miler ya duba labarin da aka tsara, bai kwanta masa ba. Ya san halin yara. In ka tara su ka ce yau za a koya musu yadda ake sarrafa zare, kafin ka kai ga masaƙa rabinsu sun yi barci, sauran suna mintsinin juna. Sai ya ga babu mafita sai an samo wata dabba da za ta ja labarin, wadda yaro zai ɗauki damuwarta ya mai da ita tasa. To wace dabba? Nan gizo ke saƙar. Walt Disney na Amurka ya riga ya kwashe kusan duk wadda za ta zo wa mutum a rai: ɓera, agwagwa, kare, zomo, barewa, har giwa. Miler yana ganin girman Disney ƙwarai, kuma saboda haka ne ma ba ya son a ce ya bi sawunsa. Ya daɗe yana juya abin a ransa, bai samu ba.

Kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari, wata rana ya fita yawo a dajin da ke kusa da Kladno, garin haihuwarsa, ƙafa na tafiya hankali na wani wuri, sai ya yi tuntuɓe da wani ɗan tsibin ƙasa. Ya duba abin da ya tare shi, nan take ya san ya samu abin da yake nema. Tuntuɓe gushin gaba.

Tsibin ƙasar nan aikin wata 'yar dabba ce da mutanen Cek ke kira krtek. Babu ita a ƙasarmu, amma danginta na nan, don masana dabbobi sun sa ta gida ɗaya da jaɓa da bushiya. Tsawonta bai wuce tafin hannun babban mutum ba. Gashinta baƙi ne mai laushi, tafukanta na gaba masu faɗi sun juya waje saboda haƙa. A ƙarƙashin ƙasa take rayuwarta, abincinta tanar ƙasa da tsutsotsi, idanunta kuwa 'yan mitsi-mitsi ne da suka nutse cikin gashi, iyakarsu su bambance haske da duhu. In ta haƙa rami sai ta turo ƙasar waje, shi ya sa mai lambu a Turai kan wayi gari ya tarar an cika masa fili da tsibi-tsibi. Ba dabbar da ake marmarin gani ba ce, tarko ake ɗana mata.

Sai da Miler ya sha fama kafin ya mai da wannan halitta abin da yaro zai so ya runguma. Ya ba ta manyan idanu, alhali ta gaskiyar kusan makauniya ce. Ya sa mata jan hanci, da ciki ruwan toka, da silin gashi uku a tsaye a tsakar ka, da manyan hannaye, sannan ya tsai da ita da ƙafa biyu. Bai ɓata lokacin raɗa wani suna ba. Sunan dabbar ya bar wa jaruminsa, Krtek.

Ya kamata a san wanda ya yi tuntuɓen nan, don saura ƙiris da bai ga wannan rana ba. An haifi Miler ranar 21 ga Fabrairu 1921 a Kladno, garin haƙar kwal da narka ƙarfe, kimanin kilomita 25 daga Prag. Ya shiga makarantar zane a Prag a 1936, daga nan ya wuce babbar makarantar fasaha. A watan Maris na 1939 sojojin Hitler suka shiga birnin. Ranar 28 ga Oktoba ta wannan shekara jama'a suka fito zanga-zanga, aka harbi wani ɗalibin likitanci mai suna Jan Opletal, ya yi jinya ya rasu ranar 11 ga Nuwamba. Rakiyar gawarsa ta rikiɗe ta zama wata sabuwar zanga-zangar, kuma Miler na cikin ɗaliban da suka fito. Ranar 17 ga Nuwamba Jamusawa suka auka wa ɗakunan kwanan ɗalibai, suka harbe mutum tara daga cikin jagorori ba tare da shari'a ba, suka kwashi ɗalibai kimanin 1,200 zuwa sansanin gwale-gwale na Sachsenhausen, suka kuma rufe duk jami'o'in 'yan Cek. Ranar ce har yau ake tunawa da ita a matsayin ranar ɗalibai ta duniya. Miler ya tsallake rijiya da baya, amma karatu ya tsaya.

Inda ya samu mafaka zai ba mai karatu mamaki. Duk wanda ya taɓa sa takalmin Bata zuwa makaranta, ko ya bi ta Bata a kusa da kasuwar Sabon Gari a Kano, ya taɓa wani reshe na wannan labari. Kamfanin Bata ɗan asalin ƙasar Cek ne, Tomas Bata ya kafa shi a garin Zlin a 1894, kuma ya bunƙasa har ya gina ɗakin shirya fim na kansa don tallar takalma. A wannan ɗaki Miler ya samu aiki a 1942, a nan ya koyi yadda ake sa zane ya motsa. Da yaƙi ya ƙare a 1945 ya koma Prag ya shiga ɗakin katun na Bratri v triku, ƙarƙashin Jiri Trnka, wanda daga baya ya yi suna a duniya da fina-finan 'yar tsana. A 1948 Miler ya fitar da fim a kan wani attajiri da ya sace rana don ya mallake ta shi kaɗai, fim ɗin ya ciyo lambar yabo a bikin fina-finai na Venis a Italiya. Ke nan lokacin da aka miƙa masa aikin tufafi ba sabon yanka ba ne.

Fim ɗin ya fito a 1957 da sunan da ke nufin yadda Krtek ya samu wando. Marubuci Eduard Petiska ya taya shi tsara labarin. Krtek yana haƙe-haƙensa sai ya riƙa tsintar kayan da a wurinsa dukiya ce: ƙusa, maɓalli, guntun madubi, fil. Matsalarsa ita ce ba shi da inda zai zuba su. Sai ya hango wani shuɗin wando mai manyan aljihuna a kan igiyar shanya, daga nan barci ya ƙaurace masa. Wani ɗan uwan ƙaguwa da ke rafi ya ce zai yanka masa, amma sai ya kawo yadi. Wani tsuntsu da ke saƙa sheƙarsa a ciyawar bakin ruwa ya ce zai ɗinka, amma sai an yanka. Yadi kuwa babu wanda ya san inda ake samunsa. Krtek ya zauna yana kuka, sai wata shuka mai shuɗin fure ta yi masa magana, ta ce in zai kula da ita zai samu wandonsa.

Shukar nan ita ce wadda ake yin yadin lilin da ita. A jikin kararta zaren yake, kuma ana fitar da shi ne kusan yadda ake yi wa rama a nan gida: a tuge, a jiƙa a ruwa har ɓawon ya saki, a shanya, a buge, a tsefe. Duk waɗannan matakai suna cikin fim ɗin, babu wanda aka tsallake, kuma wannan shi ne abin da hukuma ta nema tun farko. Sai dai kowane mataki Miler ya ba shi mai shi. Krtek ya yi noma ya yi ban ruwa ya kori kwari. Kwaɗo ya taya shi jiƙo. Shamuwa ta karya karan da dogon bakinta. Bushiya ta ba da bayanta aka tsefe zaren a kan ƙayoyinta. Gizo-gizo suka yi kaɗi, aka rina zaren da shuɗɗan 'ya'yan itatuwan daji, tururuwa suka kafa masaƙa suka saƙa. Mai yanka ya yanka, mai ɗinki ya ɗinka. Yaron da ya kalli fim ɗin ya tashi da sanin yadda ake yin yadi, kuma bai san an koya masa komai ba, shi dai hankalinsa na kan ko Krtek zai samu aljihunsa. A wannan shekara fim ɗin ya ciyo lambar Zakin Azurfa a Venis.

Da a nan aka tsaya, da labarin bai wuce na wani kyakkyawan fim guda ɗaya ba. Shekara shida Krtek ya yi bai sake leƙowa ba. Da ya dawo a 1963, a fim ɗin da ya tsinci motar wasa da wani yaro ya ragargaza ya gyara ta, ya dawo da wani canji da ya fi komai tasiri a rayuwarsa: ya daina magana.

A fim na farko akwai zance da harshen Cek. Miler ya lura cewa duk inda za a kai fim ɗin sai an nemi masu fassara da masu ɗora murya, abin da ke cin kuɗi, kuma yake rage wa fim armashi. Shi kuwa so yake yaro a ko'ina ya gane ba tare da an tsaya yi masa bayani ba. Sai ya cire zance, ya bar 'yan kalmomin mamaki da gaisuwa da ba su taka kara sun karya ba. Ya ɗauko na'urar naɗar murya ya naɗi 'ya'yansa mata biyu, suna ƙanana, suna dariya, suna kuka, suna ajiyar zuciya, suna ihun murna. Waɗannan muryoyin su ne muryar Krtek, kuma an ci gaba da amfani da su har bayan 'yan matan sun girma. Su ne kuma 'yan kallonsa na farko. In ya nuna musu abu bai ga sun gane ba, ya san da sauran gyara.

Cire magana daga fim ba rage aiki ba ne, ƙara shi ne. Abin da ɗan wasa zai faɗa a jimla ɗaya, yanzu dole kafaɗa ta faɗe shi, ko sunkuyar da kai, ko yadda silin gashin nan uku ke kwantawa in rai ya ɓaci. Kiɗa ma ya ɗauki nasa kason, inda mawaƙa irin su Milos Vacek da Vadim Petrov suka riƙa tsara sautin da ke gaya wa yaro cewa ga haɗari nan tafe, ko kuma komai ya wuce. Sannan a tuna duk da hannu ake yi. Majigi na haska hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato fim ɗin minti biyar kacal yana cin hoto 7,200. Ko da an bar kowane zane ya tsaya sau biyu, kamar yadda masu katun suka saba, dubban zane ne za a yi a kan fallen roba mai garai-garai, a shafa wa kowanne launi, a ɗora shi a kan hoton daji, a ɗauka, a cire, a ɗora na gaba. Dajin kansa abin kallo ne. Furanni da ganyayen da Miler ya zana na ƙasarsa ne, waɗanda yaron Cek zai fita bayan gida ya gani.

Labaran ba su da sarƙaƙiya. Yawanci Krtek ne zai turo ƙasa ya leƙo, ya ci karo da wani abin da ɗan Adam ya yar ko ya manta, ya tsaya yana jujjuya shi. Rediyo, lema, ashana, tarho, alawa, cingam da ya manne masa ya rasa yadda zai yi da shi. Wani lokaci abin ya amfane shi, wani lokaci ya jefa dukan dajin cikin rikici, sai abokansa ɓera da bushiya da zomo da kwaɗo su taru a warware. A wani fim ya tsinci koren dutse mai ƙyalli, ya ɗauka tauraro ne ya faɗo, ya dage sai ya mai da shi sama. A wani kuma roka ta ɗauke shi ta yar a wani tsibiri, halittun teku suka taya shi tattara gutsattsarinta. Babu mugun da ake farauta a kashe a ƙarshe. Babu wanda ake maka wa guduma a ka don a yi dariya, irin abin da ya cika katun ɗin kyanwa da ɓera na Amurka. Krtek yakan yi kuka sosai, da hawaye shaɓe-shaɓe, kuma a ganina wannan na cikin abin da ya sa ƙananan yara suka yarda da shi. Sun ga wanda abin duniya ke fin ƙarfinsa kamar yadda yake fin nasu.

An fara yin fina-finan ne don gidajen sinima, amma talabijin ce ta shigar da Krtek kowane gida. Tun ranar 2 ga Janairu 1965 gidan talabijin na ƙasar ke da wani ɗan shiri na yamma mai suna Vecernicek, tatsuniyar 'yan mintoci da ake nuna wa yara kafin su kwanta, kuma har yau ana yin sa. Ta wannan kafa Krtek ya zama ɗan gida, iyaye suka kalla, 'ya'yansu suka kalla, yanzu jikoki ke kallo.

A watan Agusta na 1968 tankokin Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka shiga Cekoslovakiya suka murƙushe yunƙurin sassauta mulki da aka fara. Shekarun da suka biyo baya sun yi wa masu fasaha tsanani. An hana wasu fina-finai fita, an hana wasu marubuta bugawa, wasu kuma, irin su Milos Forman, suka bar ƙasar. Abin lura shi ne a daidai wannan lokaci, daga 1969 zuwa 1975, aka fi yin fina-finan Krtek. Ba cewa nake Miler ɗan tawaye ba ne. Ma'aikacin kamfanin hukuma ne, ya yi aikinsa ya karɓi albashinsa. Amma mai tace fim da jan biro yake aiki, jimla yake nema ya ja wa layi, fim ɗin da babu jimla a cikinsa kuwa bai ba shi wurin sa biro ba. Shiru ma magana ce.

Kuma Krtek ya yi magana a cikin shirun nasa. A fim ɗin buldoza na 1975, ya ga ana shirin fasa hanya ta kan furanninsa, sai ya bi ya tuge turakun da masu awo suka kafa ya canza musu wuri, buldoza ta bi turaku ta kewaye lambun. A 1982 aka yi wanda ya fi kowanne nauyi, na kusan rabin awa, inda injuna suka share dajin kakaf aka gina birni a wurin. Aka bar Krtek da bushiya da zomo a kan kututture. Manyan gari suka ji tausayinsu, suka buga wa takarda hatimi, aka ba su ɗaki a wani dogon bene aka cika shi da dajin roba da ake hura wa iska. Dajin ya fashe. Suka shiga gari suna fama da hayaƙin motoci, a ƙarshe tsuntsaye suka ɗauke su zuwa inda sauran itatuwa suke. A 1984 kuma aka yi na wani mutum da komai na gidansa inji ke yi masa, ya yi mafarkin makamashi ya ƙare a tsakiyar hunturu, sai dabbobin daji ne suka koya masa yadda zai rayu. A shekarun nan arewacin ƙasar na cikin wuraren da iska ta fi gurɓata a Turai, hayaƙin kwal ya ƙone dazuzzuka a kan duwatsun iyakarsu da Jamus, kuma hukuma ba ta son a yi zancen. Ga shi kamfaninta na fim ya yi zancen, a shirin yara.

Wani abin da ya ba Krtek kariya shi ne kasuwa. A lokacin Turai a rabe take gida biyu, katanga ta tsaga Berlin, abin da ya fito daga gabas ana yi masa kallon farfaganda a yamma. Amma gidan talabijin na WDR da ke birnin Kolon a Jamus ta Yamma ya ɗauki Krtek, ya fara nuna shi a 1972 a cikin shahararren shirinsa na yara, Die Sendung mit der Maus, har ya riƙa sa kuɗi ana yin sababbi. Ƙasar gurguzu tana matuƙar bukatar kuɗin waje, ga kuma ɗan haƙar rami yana kawowa. Yaran Jamus ta Gabas da na Jamus ta Yamma, waɗanda aka takura wa iyayensu wajen ziyartar juna, abu ɗaya suke kallo suna dariya. Daga nan ya bazu: Polan, Hangari, Finlan, Tarayyar Sobiyet, Japan, Indiya, Iran, Iraƙi. A ƙasar Sin an nuna shi a talabijin a shekarun 1980, kuma waɗanda suka taso a lokacin ba su manta da shi ba. An nuna shi a ƙasashe fiye da 80, littattafansa kuma an sayar da sama da kwafi miliyan 5. Amurka ce dai bai samu shiga sosai ba, can gidan Disney ne.

Mulkin gurguzu ya faɗi a 1989, bayan zanga-zangar da ɗalibai suka fara ranar 17 ga Nuwamba, shekara 50 cif bayan waccan da Miler ya tsira daga cikinta. A farkon 1993 ƙasar ta rabu biyu, Jamhuriyar Cek da Slovakiya. Miler ya ci gaba da zane yana tsufa. A 1997 ya yi fim ɗin da zomaye biyu suka yi aure, matar ta ɗauki ciki, Krtek ya zama ungozoma, aka kuma nuna haihuwar ƙarara ba tare da kewaye-kewaye ba, abin da har yau yake sa wasu iyaye gyaran murya in ya zo. Fim na ƙarshe, na Krtek da ɗan kwaɗo, ya fito a 2002, Miler na da shekara 81. Jimillar fina-finan Krtek kusan 50 ne a cikin shekara 45. A 2006 shugaban ƙasa Vaclav Klaus ya ba shi lambar girmamawa ta ƙasa.

Saura abu ɗaya da ko Miler bai tsara ba. Akwai wani ɗan sama jannatin Amurka mai suna Andrew Feustel, wanda mahaifiyar matarsa 'yar ƙasar Cek ce. Kafin ya shiga hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, masanin kimiyyar ƙasa ne, ya yi aikin auna motsin ƙasa a ramukan haƙar ma'adinai, wato shi ma ɗan ƙarƙashin ƙasa ne. 'Yan sama jannati kan samu izinin ɗaukar 'yan ƙananan kaya na kansu. A tafiyarsa ta farko a 2009 Feustel ya tafi da littafin waƙoƙin marubucin Cek Jan Neruda. A ta biyu sai ya ɗauki 'yar tsanar Krtek mai tsawon kamar taƙi ɗaya. Ranar 16 ga Mayu 2011 kumbon Endeavour ya tashi daga Florida a tafiyarsa ta ƙarshe kafin a yi masa ritaya, ɗauke da wata babbar na'urar binciken kimiyya zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, da Krtek a cikin kaya. Ya yi kwana kusan 16 yana kewaya duniya, ya sauko ranar 1 ga Yuni. Cibiyar kimiyya ta ƙasar Cek ta yi amfani da tafiyar wajen jawo hankalin yara ga ilimin sararin samaniya. Ƙasar dama tana da tarihi a nan, don ɗanta Vladimir Remek, wanda ya tashi a 1978, shi ne mutum na farko da ya je sararin samaniya ba ɗan Amurka ba kuma ba ɗan Sobiyet ba. Amurkar da ba ta karɓi Krtek a talabijin ba, ita ce ta ɗauke shi a kumbonta, shekara arba'in da 'yan kai bayan Miler ya zana shi a cikin roka.

Miler ya ga wannan da ransa. Bayan wata shida, ranar 30 ga Nuwamba 2011, ya rasu a wani gidan jinya a Nova Ves pod Plesi, kudu da Prag, yana da shekara 90. A 2018 Feustel ya sake komawa sama, wannan karon a kumbon Soyuz na Rasha, ya sake tafiya da Krtek, suka yi wata shida a tashar.

Abin da ya biyo bayan rasuwar mai shi ba daɗin ji. Krtek ya zama dukiya mai yawa, ga 'yar tsana, ga riguna, ga kofuna, ga jakunkunan makaranta, duk kantin tsaraba a Prag cike yake da shi, kuma inda dukiyar gado take ba a rasa shari'a. An yi shekaru ana kai ruwa rana a kotu kan wanda ke da ikon ba da izinin amfani da shi. A 2016 aka fitar da sabon shiri tare da gidan talabijin na gwamnatin Sin, inda aka haɗa Krtek da dabbar panda, aka kuma yi shi da kwamfuta. Da yawa daga cikin 'yan Cek ba su karɓe shi ba, kuma ina ganin suna da hujja. Sura ta Krtek ce, amma hannun da ya san inda zai sa kowane ganye, da kunnen da ya san dariyar da za ta dace, ba sa nan.

Fina-finan Miler na asali suna nan a intanet, rubuta Krtek kawai ya isa. Mai yara a gida ya fara musu da na buldoza ko na cingam, babu wanda ya kai minti goma a cikinsu. Na wandon ne kaɗai zai bukaci ka zauna kusa kana yi musu bayani.